Thaddeus Stevens, Lauyan da Ya Tsaya wa Bayi da Matalauta

Duk wanda ya karanta labarin yadda aka 'yanta bayi a ƙasar Amurka, sunan da ya kan fara ji shi ne na Abraham Lincoln, shugaban da aka yi Yaƙin Basasa a zamaninsa. Amma bisa tsarin mulkin wannan ƙasa, shugaba ba shi da ikon yin doka shi kaɗai, ba ya kuma iya fitar da ko anini daga baitulmali sai majalisa ta yarda. To, a cikin majalisar nan, tun daga shekarun yaƙi har zuwa waɗanda suka biyo baya, babu wanda maganarsa ta kai ta wani dattijo mai ɗingishi nauyi. Lauya ne daga jihar Fensilbaniya, sunansa Thaddeus Stevens. Abin da ya bambanta shi da yawancin masu ƙin bautar da mutane shi ne, tun da wuri ya gane takardar 'yanci ita kaɗai ba ta isa ba. A ganinsa, in ba a ba wanda aka 'yanta ilimi, da gonar kansa, da ƙuri'a, da dokar da za ta tsare shi ba, to, zai koma hannun ubangidansa ta wata ƙofa. Daga cikin abubuwan nan huɗu ya sami waɗansu, ɗaya ya kuɓuce masa, kuma abin da ya biyo bayan kuɓucewar shi ya nuna gaskiyarsa.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Stevens ran 4 ga Afrilu, 1792, a Danville, wani ƙaramin gari cikin jihar Vermont, can arewa maso gabashin Amurka, ƙasar duwatsu da tsananin sanyi. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya maza huɗu. An haife shi ƙafarsa ɗaya a murɗe, wansa kuwa duka biyun. A zamanin nan akwai masu ɗaukar irin wannan naƙasa alamar wani zunubi ce da iyaye suka ɓoye, saboda haka ga talauci, ga kuma bakin mutane. Ubansa, Joshua, baduku ne mai ɗinkin takalma, ya kuma iya awon ƙasa, amma giya ta fi ƙarfinsa. Wata rana ya fita ya bar gida, bai sake komowa ba.

Uwarsu, Sarah, ita ta ɗauki nauyin yaran. Da ta ga wannan ɗa nata ba zai iya aikin gona kamar sauran yara ba, sai ta ƙudura a ranta lalle ya yi karatu. Ta yi ta aikin ƙarfi dare da rana tana tara ɗan abin da ta samu. Cikin 1807 ta kwashe iyalinta zuwa wani gari maƙwabci, Peacham, don akwai makaranta mai kyau a can. Yara suka riƙa kwaikwayon tafiyarsa suna yi masa dariya, shi kuwa ya mai da kai ga littafi, ya kuma koyi rama zagi da harshe, tun da ba shi da ikon ramawa da gudu ko da kokawa. Daga nan ya wuce Kwalejin Dartmouth, ya ƙare cikin 1814. Har ya tsufa bai manta da wahalar da uwarsa ta sha ba. Da ya sami dukiya ya saya mata gona, kuma cikin wasiyyarsa ya bar kuɗi don a riƙa shuka furanni a kabarinta.

Aikin Lauya

Cikin 1815 ya tafi garin York a jihar Fensilbaniya, yana koyarwa a makaranta da rana, yana karatun shari'a da dare. Lauyoyin garin suka kafa wata ƙa'ida, wai ba za a karɓi wanda ya haɗa karatun shari'a da wata sana'a ba. Da ya ga haka, sai ya ƙetara iyaka zuwa jihar Maryland, aka jarraba shi can, ya karɓi takardar izni, ya komo. Cikin 1816 ya buɗe ofis a Gettysburg, inda bai san kowa ba. Ya yi watanni yana zaune babu mai kawo masa ƙara ta kirki, har ya fara tunanin tashi. Ana nan sai wani manomi da bashi ya kai shi kurkuku ya kashe ɗaya daga cikin 'yan dokan da suka kama shi. Stevens ya tsaya masa a gaban shari'a. Bai kuɓutar da mutumin ba, amma yadda ya jera hujjojinsa ya ba mutane mamaki, daga ran nan bai sake rasa aiki ba. Cikin ƙararraki 10 na farko da suka tafi babbar kotun jiha daga gundumarsa bayan ya fara aiki, duka yana da hannu, ya kuwa ci 9.

Ɗaya daga cikin waɗanda ya ci ita ce ta zame masa tabo. Gettysburg tana da 'yan mil kaɗan daga iyakar Maryland, inda a ke mallakar bayi. Fensilbaniya kuwa tun 1780 ta yi dokar kawar da bauta sannu a hankali, a cikinta aka ce duk baƙon da ya shigo jihar da bawa ya zauna da shi fiye da wata shida, bawan nan ya zama ɗa. Akwai wata baiwa, Charity Butler, wadda iyayen gijinta su kan zo da ita Fensilbaniya su yi 'yan kwanaki su koma. Da aka tara kwanakin nan suka wuce wata shida, sai ita da mijinta suka kai ƙara suna neman 'yancinta da na 'ya'yanta. Stevens ne ya tsaya wa masu ita. Ya ce abin da doka ta ke nufi wata shida a jere, ba a tara zuwan yau da na bara. Cikin 1821 babbar kotu ta karɓi maganarsa, matar da 'ya'yanta suka tabbata bayi. Hujjarsa ta dace da lafazin doka, amma ya ga da idonsa abin da gwanintar lauya ta jawo wa uwa da 'ya'yanta, ya kuwa yi nadama. A shekarun da suka biyo baya ya zama shi ne mai tsaya wa bayin da suka gudo, sau da yawa ba ya karɓar ko kwabo.

Aikin lauya ya kawo masa dukiya. Kafin 1830 yana cikin waɗanda suka fi kowa filaye a Gettysburg, ya kuma sa kuɗi cikin sana'ar narka tama. Cikin shekarun nan wata cuta ta zubar masa da gashin kai duka, ya koma sa hular gashi. An ce wata rana wata mace mai ganin girmansa ta roƙe shi ya yanko mata ɗan gashinsa ta ajiye, sai ya tuɓe hular gaba ɗaya ya miƙa mata.

Makarantar Kowa da Kowa

Cikin 1833 aka zaɓe shi wakili a majalisar jihar Fensilbaniya. Kafin wannan lokaci, ɗan talaka ba ya samun karatu kyauta sai uban ya yarda an rubuta sunansa cikin littafin matsiyata. Iyaye da yawa sun gwammace 'ya'yansu su zauna da jahilci da su ɗauki wannan kunya. Cikin 1834 majalisa ta yi dokar kafa makarantu na kowa da kowa, waɗanda za a riƙe da kuɗin haraji. Nan da nan ƙasa ta ɗauki zafi. Masu dukiya suka ce ba su ga dalilin da za su biya kuɗin karatun 'ya'yan wani ba. Waɗansu jama'a masu magana da Jamusanci, da su ke da makarantunsu na addini, suka ji tsoron 'ya'yansu za su bar harshensu. Dubban mutane suka sa hannu a takardun kuka, Majalisar Dattawan jihar ta yarda a soke dokar, saura Majalisar Wakilai.

Ran 11 ga Afrilu, 1835, Stevens ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce dokar da a ke so a komo da ita, abin da ya dace a kira ta shi ne dokar yi wa matalauta lalas, don a riƙa gane su daga nesa. Ya ce mutum ya kan biya harajin da a ke gina kotu da kurkuku da shi ko da bai taɓa shiga cikinsu ba, to, ina dalilin ƙin biyan harajin da zai rage masu shiga kurkukun? Ya ce ƙasar da talakawa ne ke zaɓen masu mulkinta ba ta zama lafiya in masu zaɓen jahilai ne. Gwamnan jihar, George Wolf, abokin hamayyarsa ne a siyasa, amma da ya ke yana goyon bayan makarantun, Stevens ya ce a kan wannan magana yana tare da shi. Majalisar Wakilai ta ƙi soke dokar, ta ƙara mata ƙarfi, dattawa kuma suka bi. Masana tarihi sun nuna ba jawabin kaɗai ya kawo nasara ba, har da ƙoƙarin Gwamna da zawarcin 'yan majalisa ɗaya ɗaya. Duk da haka, da Stevens ya tsufa ya ce cikin dukan ayyukansa babu wanda ya ke alfahari da shi kamar wannan.

Cikin 1837 aka tara wakilai don gyara tsarin mulkin jihar, Stevens yana cikinsu. Aka ƙara kalma ɗaya cikin sharuɗɗan mai jefa ƙuri'a, aka ce sai farar fata. Baƙaƙen fata 'ya'ya, waɗanda a da su kan yi zaɓe a waɗansu gundumomi, suka rasa ƙuri'arsu. Da aka gama cikin 1838, Stevens ya ƙi sa hannu a takardar.

Amma kada mai karatu ya ɗauka mutumin nan ba shi da aibi. Yana da son caca, harshensa kuma ya fi aska kaifi, ba ya ƙyale abokin gaba ko da ya faɗi. Ya ɓata shekaru yana yaƙi da wata ƙungiyar asiri da a ke kira Mason, har ya riƙa tisa manyan mutane gaba yana tilasta su su tona asirinta, jama'a suka gaji da shi. Cikin Disamba 1838 aka yi rigimar zaɓe, shi da mutanensa suka nemi su riƙe majalisa ta hanyar dabara, sai taron jama'a masu fushi suka cika zauren a Harrisburg, dole ya fita ta taga. Sana'ar ƙarfe kuma ta jefa shi cikin bashi mai nauyi. Cikin 1842 ya koma birnin Lancaster, ya duƙufa aikin lauya, ya biya bashin nan a hankali.

Stevens bai taɓa aure ba. A Lancaster wata gwauruwa mai jinin baƙar fata, Lydia Hamilton Smith, ta riƙe masa gida shekara ashirin har mutuwarsa. Ya riƙa girmama ta a gaban baƙi kamar yadda a ke girmama matan manya, abin da ba a saba gani ba a zamanin, maƙiyansa kuwa suka sami abin yaɗawa. Cikin 2002, da a ke tono a bayan gidansa, aka tarar da wata matarar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa wadda aka yi wa gyara, masu bincike suna zaton a ciki a ke ɓoye bayin da suka gudo.

Majalisar Ƙasa

Cikin 1848 mutanen Lancaster suka zaɓe shi zuwa Majalisar Wakilai ta ƙasa a Washinton. A lokacin ƙasar ta rabu biyu: jihohin Arewa sun bar mallakar bayi, jihohin Kudu kuwa arzikinsu duka yana kan gandayen auduga da rake da taba, waɗanda bayi ke nomawa. Don a lallashi Kudu, cikin 1850 aka yi dokar kama bayin da suka gudu. Bisa dokar nan, wanda aka ce bawa ne ba shi da bakin ba da shaida a kan kansa. Ma'aikacin da ke duba maganar, in ya mai da mutum ga mai nemansa a biya shi dala 10, in ya sake shi a biya shi dala 5. Ko wane ɗan ƙasa kuma, in an kira shi ya taimaka a yi kamun, tilas ya zo. Stevens ya yi iyakar ƙoƙarinsa a hana dokar, bai sami nasara ba.

Ran 11 ga Satumba, 1851, wani mai bayi daga Maryland, Edward Gorsuch, ya zo ƙauyen Christiana cikin gundumar Lancaster tare da ma'aikacin gwamnati, yana neman bayinsa a gidan wani baƙar fata, William Parker. Baƙaƙen fata na kewaye suka taru, faɗa ya tashi, aka kashe Gorsuch, Parker ya tsere zuwa Kanada. Gwamnati ta so ta yi horon da zai tsorata kowa, ta tuhumi mutane da yawa da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne. Wanda aka fara gurfanarwa a Filadelfiya wani farar fata ne mai injin niƙa, Castner Hanway, wanda abin da ya yi kawai shi ne ya ƙi taimakon masu kamun. Stevens yana cikin lauyoyinsa. Mutum goma sha biyun da aka zaɓa su yanke ko ya yi laifi ba su wuce minti 15 suna shawara ba, suka ce ba shi da laifi, maganar cin amanar ƙasa ta mutu daga nan. Amma 'yan jam'iyyarsa suka ga zafinsa ya yi yawa, cikin 1853 ya bar majalisa. Bai komo ba sai 1859, yana da shekara 67, ƙarƙashin sabuwar jam'iyyar Republican.

Yaƙin Basasa

Da aka zaɓi Lincoln cikin 1860, jihohin Kudu suka fara ɓallewa har suka kai 11, yaƙi ya ɓarke cikin Afrilu 1861. A lokacin bayin Amurka sun kusa miliyan 4. Aka naɗa Stevens shugaban kwamitin majalisa mai kula da haraji da kashe kuɗi, wato duk abin da soja za su ci, da albashinsu, da makamansu, sai ya bi ta hannunsa. A ƙarƙashinsa aka fara sa haraji bisa abin da mutum ya samu a shekara, cikin 1861. Cikin 1862 aka yi dokar buga kuɗin takarda na dala miliyan 150, aka ce tilas a karɓe su wajen biyan bashi ko da babu zinariya a bayansu.

Tun farkon yaƙi ya riƙa matsa wa Lincoln ya 'yanta bayi ya kuma ba su bindiga, don a ganinsa bayin nan su ne ke noma abincin da 'yan tawaye ke yaƙi da shi. Lincoln yana tafiya a hankali, don akwai jihohi huɗu masu bayi da ba su ɓalle ba, yana tsoron kada ya tura su wajen abokan gaba. Ran 1 ga Janairu, 1863, ya yi shelar 'yanta bayin da ke ƙasashen tawaye, kafin yaƙi ya ƙare baƙaƙen fata wajen 180,000 suka shiga soja. Cikin Yuni na shekarar nan, 'yan kwanaki kafin babban gumurzun Gettysburg, wani janar na Kudu, Jubal Early, ya sa aka ƙone wurin narka tama na Stevens da ke Caledonia, don ya san ko na wane ne.

Shelar Lincoln umurnin lokacin yaƙi ce, lauya kamar Stevens ya san kotu tana iya rushe ta bayan yaƙi. Saboda haka aka nemi a rubuta hanin cikin tsarin mulkin ƙasa. Ran 31 ga Janairu, 1865, Majalisar Wakilai ta yarda da Gyara na 13 da ƙuri'a 119 a kan 56, cikin Disamba jihohi suka tabbatar da shi, mallakar ɗan Adam ta haramta a Amurka duka.

Bayan Yaƙi

Kudu ta miƙa wuya cikin Afrilu 1865, cikin watan nan kuma aka harbe Lincoln. Mataimakinsa, Andrew Johnson, mutumin Tennessee wanda ya taɓa mallakar bayi, ya hau. Ya shiga yafe wa manyan 'yan tawaye, ya bar su suka sake kafa gwamnatocin jihohinsu. Nan da nan suka yi dokoki na musamman don baƙaƙen fata. A waɗansu jihohi, wanda aka same shi ba shi da takardar ƙodago ta shekara, sai a kama shi da laifin zaman banza, a ci shi tara, in ya kasa biya a ba da shi ga mai gandu ya yi masa aiki. A gaɓar tekun Carolina ta Kudu da Georgia, Janar Sherman ya riga ya raba wa 'yantattu wajen 40,000 gonaki tun cikin Janairu, sai Johnson ya yi umurni a mai da yawancin filayen ga masu su na da.

Cikin Satumba 1865 Stevens ya yi jawabi a Lancaster ya bayyana shawararsa. Ya ce a karɓe filayen manyan masu gandaye wajen 70,000, waɗanda ko wannensu ya mallaki fiye da eka 200, a ba ko wane magidanci da aka 'yanta eka 40, a sayar da saura a biya bashin yaƙi, a kuma taimaki sojan da suka naƙasa da iyalan waɗanda suka mutu. Ƙananan manoma farar fata ba za a taɓa nasu ba. Hujjarsa ita ce, wanda abincinsa da makwancinsa ke hannun wani ba ya iya jefa ƙuri'a yadda ya ke so, ba ya iya kai ƙarar wanda ya zalunce shi.

Akwai kuma wata matsala ta lissafi. A da, wajen raba kujerun majalisa, a kan ƙidaya bayi biyar a matsayin mutum uku. Yanzu da aka 'yanta su za a ƙidaya su cikakku, alhali ba su da ƙuri'a, wato Kudu za ta komo majalisa da kujeru fiye da na da, ladan tawaye ke nan. Da majalisa ta taru cikin Disamba 1865, akawunta, Edward McPherson, mutumin Gettysburg ne kuma na hannun Stevens, ya kira sunaye ya tsallake dukan wakilan jihohin tawaye. Sa'an nan Stevens ya kawo shawara aka kafa kwamiti na mutum 15 daga majalisun biyu, don ya tsara sharuɗɗan komowar Kudu.

Daga kwamitin nan Gyara na 14 ya fito cikin 1866. A cikinsa aka ce wanda aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, babu jihar da za ta taɓa ransa ko 'yancinsa ko dukiyarsa ba tare da shari'a ba, kuma tilas doka ta tsare kowa daidai. Stevens ya so a sa har da ƙuri'a a fili, abokansa suka ji tsoron masu zaɓe na Arewa. Da aka tambayi dalilin da ya karɓi abin da bai cika ba, ya ce don yana zaune cikin mutane ne, ba cikin mala'iku ba. Cikin Maris 1867, duk da Johnson ya ƙi sa hannu, majalisa ta raba jihohi 10 na Kudu kashi biyar ƙarƙashin soja, ta ce ba wadda za ta komo sai ta ba baƙaƙen fata maza ƙuri'a, ta kuma karɓi Gyara na 14. Waɗanda jiya bayi ne suka zauna cikin tarurrukan tsara mulki, kuma cikin abubuwan da suka fara kafawa har da makarantu na kowa da kowa.

Maganar gona kuwa ta faɗi. Ya kawo ta majalisa cikin Maris 1867, ko 'yan jam'iyyarsa ba su bi shi ba. Masu dukiya na Arewa sun ga in aka fara karɓe filin mai fili a Kudu, ba a san inda abin zai tsaya ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Johnson ya ci gaba da cire janar-janar masu aiki da dokokin majalisa. Ran 21 ga Fabrairu, 1868, ya kori Sakataren Yaƙi, Edwin Stanton, alhali majalisa ta yi dokar hana shi haka ba da yardar dattawa ba. Bayan kwana uku Majalisar Wakilai ta tuhume shi da ƙuri'a 126 a kan 47, wannan ne karo na farko da aka yi wa shugaban Amurka haka. Stevens yana cikin masu gabatar da ƙara, amma ciwo ya ci ƙarfinsa, a kan kujera a ke ɗaukarsa zuwa zaure, jawabinsa ma wani ya ƙarasa karanta masa. Ran 16 ga Mayu dattawa 35 suka ce Johnson ya yi laifi, 19 suka ce bai yi ba. Ana bukatar kashi biyu cikin uku, sai aka rasa ƙuri'a ɗaya.

Cikin Yuli aka tabbatar da Gyara na 14. Ran 11 ga Agusta, 1868, Stevens ya mutu a Washinton yana da shekara 76. Aka ajiye gawarsa a babban zauren majalisa, sojan baƙar fata suna tsaronta, sa'an nan aka kai ta Lancaster. Tun yana da rai ya gano manyan maƙabartun garin ba sa karɓar baƙar fata, sai ya zaɓi wata ƙarama, ta Shreiner, wadda ke karɓar kowa. Ya sa aka rubuta dalilinsa a jikin dutsen kabarin, cewa yana so ya nuna da mutuwarsa abin da ya yi ta kira gare shi da ransa, wato mutane daidai su ke a gaban Mahaliccinsu.

Cikin 1870 Gyara na 15 ya hana a ƙi mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. Amma 'yantattun nan, da ya ke ba su da filin kansu, yawancinsu suka koma noma gonakin iyayen gijinsu na da, in an girbe a raba. Iri da abinci da kayan aiki duk bashi ne daga mai gandu ko mai kanti, shi ne kuma ke riƙe da littafin lissafi, shekara ta zagayo manomi ya tarar ana binsa. Cikin 1877 gwamnatin ƙasa ta janye hannunta daga Kudu. Daga 1890 jihohin Kudu suka bi juna suna sa harajin zaɓe da jarrabawar karatu, har ƙuri'ar baƙar fata ta kusa ɓacewa. Cikin 1896 Kotun Ƙoli ta halatta a raba fari da baƙi a wuraren jama'a. Shekaru da yawa littattafan makaranta suna nuna Stevens mugun tsoho ne mai neman fansa, har cikin 1915 aka yi wani sinima da ya siffanta shi haka.

Sai dai abin da aka rubuta cikin tsarin mulki bai gogu ba. Cikin 1954 Kotun Ƙoli ta dogara da Gyara na 14 ta haramta raba yara a makarantun gwamnati saboda launi, cikin 1964 da 1965 majalisa ta yi dokokin hana wariya da na tsare ƙuri'a. Wato kusan shekara ɗari aka yi kafin a ci amfanin abin da ya shuka, eka 40 ɗin kuwa ba a taɓa ba da su ba.

Cikin wasiyyarsa ya bar yawancin dukiyarsa ga ɗan ƙanensa bisa sharaɗin ya bar shan giya, in ya kasa, a kafa gidan marayu da makaranta wadda ba za ta duba launi ko addinin yaro ba. Ɗan ƙanen bai cika sharaɗin ba. Cikin 1905 aka kafa makarantar a Lancaster da sunan Stevens, ta zama kwalejin koyon sana'o'i, tana nan har yau, kuma 'ya'yan matalauta da marayu ta ke fara dubawa wajen ɗaukar ɗalibai.